Jakin da Bai Yarda an Ba da Shi ba

Shekara bakwai niy yi da magana guda a bakina ban furta ta ba. Ba doguwa ba ta. In na mutu, ina Yaya za ta kwana?

Yaya ita ta babbar ɗiyar innarmu, ni na auta. Ta yi aure Rimawa, can wajen Goronyo, shekara talatin Allah bai ba ta haihuwa ba. Da mijin yam mutu danginai sunka raba gida, sunka maido mani ita garinmu Kwargaba da tabarma da ƙwarya huɗu. Nib ba ta ɗakin da ke kusurwa, jikin katangar waje. Tun ranar ita ka tsince mani irin albasa, ita ka zagi na in na makara fita gona.

Ɗiyana maza ukku na, duk da matansu. Ba miyagu ba na. Amma shari'a ta ce in mutum ya bar ɗa namiji, 'yar'uwatai ba ta da ko allura cikin gado. Na san hakanga tun da daɗewa, ban dai ji shi a jikina ba sai da maƙwabcinmu yam mutu. Mutanen alkali sunka zo daga Wurno, sunka fidda ushirar En'e, wato rabon hukuma, sunka raba saura har turmi da taɓarya. Ƙanwar mamacin, wadda tay yi shekara ashirin tana yi mai tuwo, tana zaune tana kallo. Babu wanda yak kore ta. Ɗakinta dai ya faɗa rabon ɗa na biyu, shi ko shina neman wurin aje wake. Kafin kaka ta zagayo tana Rabah, gidan wasu dangi na nesa.

Yaya tac ce, "Auta, ka gani?"

Nic ce, "Na gani."

Tac ce, "To." Tac ci gaba da sussukar gero.

Akwai wani malami Wurno da ya san sha'anin gado. Sau ukku ina zuwa wurinai. Zuwan farko, da niz zauna sai nij ji bakina ya ce haƙori ka yi mani ciwo. Yay yi mani rubutu, nish sha, haƙorana lafiya lau. Na biyu nit tambaye shi ko ana fidda zakkar albasa. Na ukku nic ce gaisuwa niz zo yi. Yad dube ni yac ce, "Tafiyar nan duka don gaisuwa? Ko da ubana yar rasu ba ka taka hakanga ba."

Ba wani abu ka hana ni ba sai tsoro. Duk wanda nit taɓa ji ya yi wasiyya, kwance shike, an kewaye shi, kuma bai kai la'asar ba. Sai raina yaɗ ɗauka maganar ce ka kiran abin.

Zuwa na huɗu Yaya tab biyo ni. Tana tafe bayana da sanda awa ɗan doka ya kamo wanda bai biya haraji ba. Tat tsaya ƙofar zauren malam daga waje, tac ce, "Gafarta malam, wanga yaron magana gare shi, kuma ba ta haƙori ba ta." Yaron da taka faɗi ya wuce hamsin, gemunai ya yi fari.

Nif faɗi abin da ke tafe da ni. Malam yac ce hanya biyu ta. Ta farko wasiyya: mutum na iya ba wanda ba magaji ba har kashi ɗaya cikin ukku na abin da yam mallaka. Sai dai in ce gaban shaidu biyu, in na mutu, kaza da kaza na Yaya na.

Nic ce, "Malam, ba a iya cewa in na yi tafiya?"

"Zuwa ina?"

"Nesa dai."

"To ranar da kat tafi kasuwar Gandi an raba gadonka ke nan."

Nit tambayi ta biyu. Yac ce kyauta, da raina da lafiyata, ba sai an ambaci mutuwa ba. Nij ji iska ta shige ni. Yac ce in dakata, akwai sharaɗi, sunanai hauzi. Abin ya bar hannuna ya shiga nata, mutane na gani. In ko ya komo hannuna kafin shekara, kyauta ta ɓaci. Nic ce wanga ai mai sauƙi na.

Abu ukku nib ba ta gaban ladaninmu da wanzamin gari: ɗakin da take ciki, da rabin fadamata na ƙasa wajen gulbi, da jakina, don fadamar na da nisa kuma gwiwarta ta fara ƙi.

Ɗaki munka fara da shi. Tunda cikin gidana shike, sai anka kira magini yat toshe ƙofar ciki, yaf fasa wata ta waje. Yaya in za ta karɓi tuwo sai ta fita titi, ta zagaya, ta yi sallama zaurena. Kwana biyu tac ce ni ma hakanan, in ina son ganinta in zagayo in yi sallama. Wata rana niy yi, tac ce matar gidan ba ta nan.

Fadama ko anka hana ni taka ta. Yaya tab ba wani mutumin wajen Rabah shi noma su raba. Mutumin kirki na, amma dashen albasa bai iya ba, cusa ta shika yi awa wanda ka gudun ruwa. Ni ina tsaye kan iyaka, ƙafata cikin nawa rabin, ina kwaɓa mai. Yaya tana zaune gindin marke tac ce, "Auta, muryarka na shigowa gonata."

Duk wanga na jure. Jaki na yak kwance mu.

Shekara sha ɗaya jakin ga na kwana turke guda, dab da zaurena ta ciki. Babu wanda yay yi mai bayanin hauzi. Munka ɗaure shi ƙofar Yaya, kafin azahar ya zame igiya, ya zagayo, shina tsaye wurinai na da. Babban ɗana yaz zo yad durƙusa, fuska awa mai ta'aziyya, yac ce, "Baba, jaki ya komo hannunka. Ni dai tsoron haram nika yi maka."

Nik koma Wurno. Malam yac ce don fita shakka a sake bayarwa gaban shaidu. Munka kira ladan da wanzami. Nir riƙe igiya nic ce, "Na ba ki." Yaya tac ce, "Na karɓa." Taj ja shi sunka zagaya. Kwana huɗu yak komo.

Sau tara munka yi wanga abu. Wajen na biyar wanzami yaf fara zuwa da kujeratai. Mata na leƙe ta bisa katanga, masu zuwa kasuwa na tsayawa da kaya bisa kai sai an gama. Wata rana Bature yaz zo rangadi, yag ga taro, yas sa tafinta shi tambaya wane biki aka yi. Ladan yac ce mutum ne ka ba yayatai jaki. Bature yat tambaya ko duk shekara aka yin sa. Wanzami yac ce duk mako. Yaf fidda ɗan littafi yar rubuta, yag gyaɗa kai, yaw wuce. Ban san mi mutanen ƙasarsu ka tsammani game da mu ba yanzu.

Nit tumɓuke turken. Jaki yaz zo yat tsaya daidai ramin. Nig gitta itace bakin zaure. Yas sa kai ciki, jiki waje, yaw wuni hakanan. Nit tafi nit tambayi malam hukuncin jakin da kansa ke hannun mai bayarwa, gindi hannun wadda anka ba. Yar rufe littafinai yac ce, "Bawan Allah, na yi karatu har Sakkwato, ban tarar da babin ga ba."

Sai magana taf fara yawo cikin gida. Babban ɗana da na biyu na cewa tunda ɗaki da fadama da jaki cikin numfashi guda nib ba da su, in guda ya ɓaci duka sun ɓaci, kuma alkali na iya yarda da hakanga ranar da ba ni nan. Ban san ko gaskiya ta ba. Malam ma yac ce ya danganta da alkalin. Nan dariya taƙ ƙare. Niz zagaya niy yi sallama, nit tarar Yaya ta jera ƙwaryarta huɗu tana duba wadda taf fashe.

Tac ce, "Auta, kar ka sake bugun dabbar ga. Shi ya san inda za shi koma. Ni ban sani ba."

Da safe nit tada ladan da wanzami munka kama hanyar Wurno. Niz zauna gaban malam. Nib buɗe baki sau biyu ba abin da yaf fito. Wanzami yac ce, "Faɗi mu tafi, ina da kaciya ukku na jira na." Nic ce, "In na mutu." Muryar tah hau awa ta ɗan akuya. Nic ce in na mutu, in kyautar ga ba ta tsaya ba, ɗakin da rabin fadama da jaki wasiyya na ga Yaya. Malam yal lissafa yac ce ba su kai kashi ɗaya cikin ukku ba, yar rubuta da larabci, shaidu sunka dangwala hannu.

Da munka kamo hanya nil lura wanzami na tafe nesa da ni kaɗan. Ban ga laifinai ba, ni ma jira nika yi. La'asar taw wuce muna tsakiyar hanya. Munka iso, nic ci tuwo malmala biyu. Abin da yas same ni ranar, ƙaya ce ta shiga tafin ƙafata.

Bayan mako babban ɗana yat tafi wurin malam shi kaɗai, shina neman hanyar warware takardar. Malam yac ce babu. Sannan yat tambaye shi, "Gwaggonku ba ta da ɗa. In ta rasu, wa ka gadonta?" Yaro yac ce bai sani ba. Yac ce, "Ubanku. In ba shi nan, ku."

Washegari nig ga babban ɗauke da tulu biyu shina zagayawa ƙofar Yaya. Na biyu yag gyara mata indararo ba a roƙe shi ba. Matansu ko kullum suna bisa titi da akushi, wagga fura da nono, waccan tuwon shinkafa, suna gwaggo ina gwiwa, gwaggo kin tashi lafiya. Ranar da miya taz zo ba nama, Yaya kan ce cikin ruwan sanyi tana tunanin yi wa masallaci wasiyya, ita bakinta ba shi rawa. Gobe sai a yanka kaza.

Ni yanzu tuwon gero aka kawo mani, wani lokaci da sanyinai. In kazar ta yi yawa Yaya kan aiko mani da wuya da ƙafa, a ce in ji ta in ci in ƙara ƙarfi, ba ta son gadon fadamarta shi faɗa hannun wanda ba shi iya ɗaga kwasar noma.