Addu'ar Kawu a Shekarar da Aka Ɗauke Ɗansa

Jiya a coci aka ce mu yi wa ƙasa addu'ar ranar 'yancin kai, sai na tuna kawuna, dattijon ikilisiyarmu a Kafur. Shekarar da 'yan bindiga suka ɗauke ɗansa daga gonar masara, kawu ne fasto ya sa ya yi wannan addu'ar. Ya dafa benci. Ya roƙa wa shugabanni, sannan ya ce, "Ubangiji, ka ji tausayin masu riƙe da yarona."

Babu wanda ya ce amin. Ya buɗe ido ya dube mu.

"Ina jiran amin ɗinku."

Da ƙyar muka ce amin. Ɗan ya dawo bayan girbi, amma kawu bai rayu ya gan shi ba. Ubangiji ya hutar da shi, ya ba mu irin zuciyarsa.