Gidan da Baƙo Ba Ya Shan Ruwa a Mahjar

Ana sallame sallar asuba muka baro Makka, umra ta kammala, sai Jidda. Hanya sumul, ko rami ɗaya babu, har na ji haushin tamu ta gida. A bakin gari muka karya da wake da gurasa mai zafi, da araha, in dai ba ka juya riyal zuwa naira a ranka ba.

Direbanmu haifaffen Jidda ne, Hausarsa rabi Larabci. Ya kunna wata tsohuwar waƙa, jita na ƙara kamar ana yaga kwanon rufi, samari na ihu: "Mai jarka, ina ka ɗebo?" Ai na san ta! Samarin Hausawan Jidda ne suka yi ta a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Kaset ɗinta ya zo mana Kano cikin tsaraba, muka yi ta tsalle ba mu san kan zance ba.

Direba ya ce ba ƙage ba ne. Mai jarkan da aka yi wa waƙar Bahaushe ne, a shekarun nan ruwan famfo yake ɗurawa a jarka, ya liƙe baki, ya sayar wa alhazai a unguwar Bagdadiyya da sunan zamzam. Yana nan da rai a unguwar Mahjar.

A Bagdadiyya mahaifiyata ta sauka da ta zo hajji a shekarun, wurin wani Bahaushe ta sayi jarkar zamzam, da ruwan ta jiƙa likkafaninta. A cikinsa muka binne ta.

Na ce a kai ni. Da muka isa, abokan tafiyata suka zauna a mota.

Ɗaki ne ƙarami, fanka na juyi da ƙyar. Mai jarkan tsoho ne tukuf, idanunsa sun tafi. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Sai ya ce:

"Ɗana, wasu jarkokin na gaskiya ne, wasu ba. Wallahi ban san wadda ta samu ba."

Na so in zage shi. 'Yarsa ta shigo da ruwa a kofi, ta ajiye nesa da ni, ta ce, "Ba komai, Alhaji, ba dole ka sha ba. Tun da waƙar ta fita baƙo bai sha ruwa a gidan nan ba." Ita ko haihuwarta ba a yi ba a lokacin.

Na ɗauka na shanye. Ta juya baya tana share ido da mayafi.

Mun sauka Kano lafiya, washegari na wuce maƙabarta. Amsar da na je nema ban samo ba. Abin da na gane shi ne, mu mun yi rawa mun manta, su kuma har yau a cikin waƙar suke kwana. Na tsuguna na ce, "Inna, da niyyar zamzam kika jiƙa. Allah ya karɓa."