Kak Tenri da Mabuɗan Tafkunanmu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, da hantsi, aka bugo daga asibiti a Makassar cewa Kak Tenri, wato Yaya Tenri a bakinmu, ta cika.

Kak, ke kika kafa 'yan na'urorin nan a tafkunan jatan lande na ƙauyenmu a Pangkep. Su ke auna iskar da ke cikin ruwa, su umarci fankokin da ke kaɗa shi. In fanka ta tsaya ba a lura ba, kiwon watanni ya mutu kafin la'asar.

Mu kuwa mutanen aro ne. Yadda ake aron tukunya ranar biki, haka ake cire na'ura a miƙa wa dangi, alhali duka mabuɗin sirri ɗaya suke amfani da shi. Kika ce duk hannun da ɗaya ta faɗa, zai iya tsayar da fankokin ƙauyen nan kaf. Kika bi gida gida, kina shan kofi, sai da kowace na'ura ta samu mabuɗinta.

Surukina Daeng Rewa ya ce, "Yanzu har inji ma sai ya zargi ɗan'uwansa?"

Kika ce, "Daeng, jatan landen naka ne, ni ci kawai nake zuwa yi."

Ni abin da ya dame ni daban ne. Na ajiye littafin da nake karantawa na tambaye ki me na'urorin suke faɗa wa juna duk yini. Kika nuna mini a waya, haruffa da lambobi a cakuɗe. Kika yi dariya kika ce, "Ndi, ƙanwata, kin zaci wasiƙar masoya ce?" Haka na zata. Tun daga ranar ban bar ki kin huta da tambaya ba, ke ma ba ki taɓa ƙosawa ba, har kika koya mini yadda ake soke mabuɗin na'urar da ta bar gida.

Bayan jana'izarki, Daeng Rewa ya ara wa wani ɗan'uwa da ya zo ta'aziyya na'ura guda, ita kuma ta ɓace masa a motar haya, ga girbi ya matso. Kowa ya kalli ƙofa, kamar za ki shigo. Na ɗauki wayar mijina, na soke mabuɗin. Na fita na tsaya bakin tafki. Fankoki na ta kaɗa ruwa. A nan kukan ya zo mini.

Saura tambaya ɗaya, Kak. Ta yaya na'urori biyu da ba su taɓa haɗuwa ba ke ƙulla sirri a gaban jama'a? Da na tambaye ki kina kwance, kin ce sai kin warke.

Allah Ya gafarta miki, Ya yalwata kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ga mahaifiyarki Puang Isa da ƙannenki, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mu ma Ya ba mu.