Ranar da Muka Ɗauko Jirgin Goggo

Ƙungiyarmu ta adana tarihin Jidda ba wata babba ba ce. Dukkanmu 'yan sa-kai ne, kowa da sana'arsa. Ni direba ne, akwai wata malamar makaranta, akwai mai gyaran firji, sai shugabanmu, dattijon da ya yi ritaya daga tashar jiragen ruwa. Wani bawan Allah ya ara mana ƙasan tsohon gidansu a Balad, tsohon cikin garin Jidda, muka cika shi da abin da mutane suka kawo: hotuna, fitilun ƙwai, tuluna, komar kamun kifi. Jirgi ne kawai babu, kuma abin yana ci wa shugaba tuwo a ƙwarya.

Ni kuwa na san inda akwai. A unguwar Nuzla, a tsakar gidan Goggo, yayar mahaifina, akwai huri, wato ɗan kwalekwalen da aka fafe daga itace guda. Na mijinta ne, Allah ya jiƙansa. Tun da ya rasu kaji suka gaje shi.

Na je mata da maganar bayan la'asar.

"Wa zai bar gidansa ya zo kallon wannan tsohon icen?" in ji ta.

"Mutane da yawa, Goggo. Yaran yanzu ba su taɓa ganin irinsa ba."

Ta kalli jirgin, ta ce, "Halas, shi ke nan, ku ɗauka. Amma ƙafata ƙafarsa."

Ranar Asabar muka kore kajin, muka wanke jirgin, muka lulluɓe shi da koren bargo don kada ya kuje, muka ɗora a bayan mota. Goggo ta shiga gaba da abayarta da sandarta da fulas ɗin shayi. Amma mota ba ta shiga lungunan Balad, dole muka sauke shi a bakin hanya muka saɓa a kafaɗa. Ashe nauyi gare shi kamar dutse. Goggo na gaba tana buga sanda: "Yalla, ku ba da hanya!"

Ba mu yi nisa ba wani tela Bayamane ya hango mu daga shagonsa. Ya ga maza ɗauke da dogon abu a lulluɓe, ga tsohuwa a gaba. Ya ajiye almakashi ya fito da sauri yana salati, ya sa kafaɗa. Maƙwabtansa suka biyo shi. Sai da ya tambaye ni a hankali, "Wa ya rasu?" sannan na gane.

"Ya ammi, jirgi ne!" na ce masa, wato "baffa" da Larabci.

Ya ɗaga bargon ya leƙa. Dariyar da ya yi har sai da muka kusa kayar da kayan. Goggo ta dafa bango tana share hawaye. Telan bai janye kafaɗarsa ba, ya ce tunda ya fara neman lada sai ya kai shi makwanci. Haka muka ratsa ƙarƙashin tagogin katako, mata na leƙowa daga sama, masu shaguna na karɓar juna wajen ɗauka.

A ƙofar gidan jirgin ya ƙi juyawa, lungun ya yi masa kaɗan. Muka gwada ta kai, muka gwada ta gindi. A ƙarshe mai gyaran firji ya kwance ƙyauren, muka miƙar da jirgin tsaye, muka zura shi sannu a hankali. Shugaba ya rungume ni, farar rigarsa duk ta yi dauɗa, bai ko kula ba.

Goggo ta zauna a gefen jirgin ta zuba wa kowa shayi. Ba wanda ya roƙe ta, ta fara ba da labari, Hausa da Larabci a cakuɗe, ina fassara abin da ya ɓace musu, malamar na ɗauka a waya. Ta ce tana amarya mijinta ya shiga da ita teku sau ɗaya. Ita da iyayenta suka zo daga Sudan tana goye, ba ta san ruwa ba. Ta ƙanƙame gefen jirgin tana kiran sunayen Allah, shi kuwa yana ta dariya, har ya kama jan kifi ya ajiye mata a cinya. "Ban sake shiga ba," ta ce, "amma kifin ya yi daɗi."

Yanzu duk Alhamis nakan biya Nuzla in ɗauko ta. Da farko shugaba ya zagaye jirgin da igiya don kada a taɓa. Goggo ta kalli igiyar, ta kalli yaran da suka zo kallo suka tsaya nesa da hannuwa a baya, ta sa sandarta ta ɗage ta.

"Ku shiga," ta ce musu. "Ku zauna a tsakiya, kada ku kifar da shi."