Uwar Tunku a Bakin Iyaka

Kakata Iya Tabawa ba ta fara tatsuniya sai an wanke tukunyar tuwo. A ƙauyenmu na gefen Gangara, da an idar da sallar isha'i sai mu jikoki mu kewaye murhu, ta ƙara karan gero a wuta, ta binne mana gyaɗa a toka, ta zauna a kan turmin da aka kifar. Mutuniyar Maraɗi ce, aure ya kawo ta, kuma har ta rasu harshenta bai sauya ba. Sunan mijinta aka sa mini, don haka maigida take kirana. In na makara sai ta ce, "Ku jira maigidana, ba a hwara magana babu shi."

Tatsuniyoyinta yawanci na dariya ne. Guda ɗaya ce ba mu so, ita kuwa takan dawo da ita duk shekara in damina ta matso.

"Ga wata nan tahe, wa zai tarbe ta?"

"Mu ne, Iya."

Wai uwar tunku ce ta haifi 'ya'ya uku a cikin suri, a tsakiyar wata gona. Ran nan ta ji manomi yana gaya wa ɗansa gobe za su sa wa gonar wuta su share ta. 'Ya'yan ko ido ba su buɗe ba, ramin da ta sani mai aminci kuma yana can hayin gulbi. Ta je ta roƙi raƙumi ya kwashe mata su. Raƙumi ya ce ya tausaya mata, amma akalarsa ba a hannunsa take ba. Ta je wurin shamuwa, shamuwa ta ce yanzu ta sauka daga doguwar tafiya, fikafikanta ciwo suke yi. Ta je wurin bushiya. Bushiya ta zauna ta taya ta kuka, ta ce in ta goya su ƙayarta ce za ta kashe su.

Gari ya waye, aka sa wuta. Uwar tunku ta ɗauki ɗaya a baki ta haye gulbi, ta dawo ta ɗauki na biyu. Kafin ta komo wa na ukun, wuta ta kewaye surin. Ta tsaya a bakin gona tana kallo har wutar ta mutu.

"Sai me, Iya?"

"Sai ta koma wajen biyun da sunka saura, ta ba su nono."

Ƙanwata Hajo takan fashe da kuka. Ni kuwa gardama nake yi, in ce ai kamata ya yi ruwa ya sauko ya kashe wutar. Iya takan tono gyaɗa ta hure tokar ta miƙo mini. "Maigida, in na ce maka an yi ruwa na yi maka ƙarya. Ba a yi ba. Ta ƙare nan, ku tashi ku kwanta."

Yau babu kowa a ƙauyen. 'Yan bindiga sun tashe mu, iyalina suna Katsina a gidan haya, ko kabarin Iya ba ma iya ziyarta. Ni na zama direban babbar mota.

Lokacin da aka rufe iyaka, ina cikin waɗanda abin ya rutsa da su a Jibiya, da kaya fal a mota. Mai kayan ya ce kada in matsa ko'ina. Na ɗaura tamfol a jikin motar, na rataya gidan sauro, nan ya zama ɗakina. Maƙwabcina Idi, direba ne ɗan Maraɗi, shi ke dafa mana shayi. Kullum sai ya taka zuwa wajen shingen iyaka ya tambayi 'yan duwan, wato jami'an kwastan, ko da labari, kullum ya dawo ya ce babu.

Bayan motocinmu akwai wani suri a gindin aduwa. Wata safiya na ga abu ya leƙo daga ciki, siriri, jaja-jaja, da baƙi a ƙarshen wutsiya. Tunku ne. Ya miƙe a kan ƙafafun baya yana shinshina iska, na motsa kaɗan ya ɓace. Daga ranar na sami abin yi. Bayan asuba nakan kwanta rub da ciki a ƙarƙashin mota, wayata a hannu, ba tari ba motsi. Hotunan farko duk wutsiya ce da ƙasa. A hankali ta saba da ni, don ashe mace ce, har ta fara fito da 'ya'yanta su sha hantsi. Nakan tura wa 'yata Hafsatu hotunan a wayar uwarta. Ta raɗa wa kowanne suna, kullum sai ta tambaye ni lafiyarsu.

Motoci suka yi ta ƙaruwa har wuri ya ƙure. Wata rana da hantsi sai ga katafila an kawo don ta share filin bayanmu. Na ruga wurin mai tuƙin na roƙe shi ya kauce wa surin nan kawai.

Ya dube ni ba da raini ba, ya ce, "Malam, ni ma turo ni aka yi. An ce daga nan har bishiyar can."

Na nemi wanda ya turo shi, aka ce yana Katsina. Idi ya kama hannuna. "Ɗan'uwa, mu da muke mutane wa ya saurare mu? Zo ka zauna."

Ban zauna ba. Ina tsaye uwar ta fito da ɗa guda a baki, ta ratsa ta ƙarƙashin motoci ta shige ciyawa. Na zuba ido in ga ta dawo, amma katafilar ta riga ta. Wayar tana hannuna, ban ɗauki komai ba.

Da ina yaro na ɗauka rowa ce Iya ke yi mana, ta hana mu ƙarshe mai daɗi. Sai bayan rasuwarta mahaifiyata ta gaya mini cewa a wata shekarar ƙyanda Iya ta binne 'ya'ya biyu, washegari kuma ta tashi ta daka wa sauran fura. Ashe ba dabara take koya mana ba. Gaya mana take yi akwai ranar da mutum zai roƙi kowa, babu mugu ko ɗaya a cikinsu, kuma a rasa mai taimako. Ta so mu fara jin haka daga bakinta, muna zaune a jikinta.

Da yamma Hafsatu ta kira, tana neman sababbin hotuna. Na gaya mata an rushe surin, uwar ta tsira da guda.

"Sauran fa, Baba?"

Na ji bakina yana son ya ce sun gudu. Na ce, "Ban gan su ba, Hafsatu."

Can ta tambaye ni yaushe zan dawo gida. Na ce mata wannan ma ban sani ba.