Hannun da Ya Daina Jin Takarda

A masana'antar takardar nan babu mai kiransa da sunan yanka. Mai Hannu ake ce masa, tun daga mai gadin ƙofa har manaja. Ya saba da sunan har idan matarsa ta kira shi da shi don tsokana, yakan amsa bai sani ba.

Yana saurayi ya shiga aikin. A can ƙarshen jiƙa ya fara, inda ake dama kullun takarda a wata ƙatuwar tukunya, ruwa yana fallatsa masa har ƙugu. Injin takarda abu ne mai tsawo. Kullu yakan zubo a kan raga ruwa ya tsane, ya bi ta tsakanin ƙarafan matsa, ya ratsa gangunan zafi masu busarwa, sannan ya fito can ɗaya ƙarshen yana naɗuwa, fari fat. Duk bayan wasu shekaru sai a matsar da Mai Hannu gaba kaɗan, har ya isa wurin naɗi. Matarsa takan ce ba ta taɓa ganin mai nawa irinsa ba, tafiyar minti biyu ta ɗauke shi shekara ashirin.

A wurin naɗin ne sunan ya same shi. Duk lokacin da naɗi ya cika, sai a yago tsiri ɗaya a kawo masa. Ya murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya kaɗa shi kusa da kunne, ya ɗora bayan hannunsa a jikin naɗin mai ɗumi. Sai ya ce, "A ƙara kullu kaɗan," ko ya ce, "A rage tururi, ta bushe da yawa." Bayan awa guda masu ɗakin gwaji su gama yanke-yankensu da aune-aunensu, su aiko da takarda ɗauke da abin da ya riga ya faɗa. Bai taɓa yin alfahari da wannan ba. Sai dai idan takardar tasu ta iso, yakan ɗauki lokaci yana goge tabarau kafin ya karanta.

Da wannan hannun ya aurar da 'ya'ya mata uku, ya rufa ɗakuna biyu da kwano. Ko biki ya je aka miƙo masa katin gayyata, sai ya murza kafin ya karanta, har 'ya'yansa suna ɓoye fuska.

Ana nan aka kawo sabuwar na'urar awo. Aka kafa ta dab da wurin naɗi, wani kai ne na ƙarfe da ke tafiya a kan gada, daga wannan gefen takarda zuwa wancan, ya dawo, ba hutu. Ma'aikata suka sa mata suna Kai-da-kawo. Tana auna nauyin takarda da kaurinta da danshinta, ta aika wa kwamfutar da ke ɗakin gilashi, kwamfutar kuma ta buɗe famfon kullu ko ta rage tururi da kanta, ba tare da ta tambayi kowa ba. Tare da na'urar aka kawo Injiniya, wata matashiya sa'ar autarsa, mai yawan rubutu a ƙaramin littafi. Ranar farko ta gaishe shi har da rusunawa, ta ce, "Baba, an ce kafin a kawo wannan kai ne ita."

Ya ce, "To, 'yata, ni dai ban taɓa yin wannan zirga-zirgar ba."

Ba a daina kawo masa tsiri ba. Dogo, wanda ke zama gaban kwamfuta, shi ya hana a daina. Tare suka tsufa a gindin injin, kuma ba a yini ba su taɓa juna da baki ba. Dogo yakan leƙo ta ƙofar ɗakin gilashi ya ce, "Tsoho, nawa ka samu?" Mai Hannu ya murza ya ce, "Sittin da ɗaya." Dogo ya dubi allon kwamfuta, ya ga giram sittin da ɗaya, ya girgiza kai ya ce, "An yi asarar wutar lantarki." Injiniya kuwa tana gefe tana rubutawa. Da ta ga wata da watanni hannu da na'ura ba su saɓa ba, sai ta ba da shawara a rage wa masu ɗakin gwaji wahala. Maimakon kowane naɗi, a riƙa kai musu samfur jefi-jefi, tunda ga shaidu biyu a wuri ɗaya.

Matarsa ce ta fara lura. Ta ga yana ɗaukar kofin shayi mai zafi kamar wanda ya ɗauki na ruwan sanyi. Ta ga maɓallin wuyan rigarsa yana ba shi wuya, ya yi ta lalube yana kallon bango. Kullum da safe sai ta matso, wai za ta kaɗe masa wani abu a kafaɗa, ta ɓalla maɓallin ta wuce. A asibiti likita ya ce ciwon suga ne ya taɓa jijiyoyin yatsu, ya rubuta magani, ya ce zai hana abin ƙaruwa amma ba zai dawo da wanda ya tafi ba. Mai Hannu ya ninke takardar likitan ya sa a aljihu. Bai ji kaurinta ba.

Da wuya shi kansa ya iya faɗin ranar da ya fara. Bencinsa dai ya matsa kaɗan zuwa hagu, wai iskar fanka tana damunsa. Daga sabon wurin, idan mutum ya ɗaga tsirin takarda sama kamar mai duba ta a haske, idonsa yakan faɗa kan allon Dogo ta cikin gilashi. Lambar tana nan kore shar. Sai ya murza, ya kaɗa a kunne, ya faɗe ta. Wani lokaci yakan ƙara rabi ko ya rage, don kada abin ya yi kyau da yawa. Ya gaya wa zuciyarsa babu wanda ya cuta, ai na'urar gaskiya take faɗa. Shekara ɗaya da rabi suka rage masa ya ajiye aiki, yana so ya fita da sunansa a hannu.

Wata ranar Laraba mota ta dawo da naɗi goma sha biyu daga wurin masu buga littattafan rubutu na makaranta. Suka haɗo da wasiƙa da littafi ɗaya. Sun ce takardar ta yi shara-shara, abin da aka rubuta a gaba yana fitowa ta baya. Injiniya ta zo wurin bencinsa da littafin a hannu, ranta a ɗan ɓace.

Ta ce, "Baba, ka ga mutanen nan. Na duba, duk ranakun nan giram sittin na'ura ta nuna, kai ma sittin ka ce. Tawadarsu ce ta yi ruwa. Gobe zan rubuta musu, in manaja ya sa hannu a mayar musu da kayansu. Zan ma gaya musu mai shekara talatin a kan aikin ya taɓa kowane naɗi da hannunsa."

Ya karɓi littafin ya ɗaga shafi ɗaya sama. Wannan karon takardar ya duba. Ya ga inuwar yatsunsa ta bayanta fiye da yadda ya kamata. Ya mayar mata ya ce, "Allah ya kai mu goben."

Da yamma ya zauna a tsakar gida bai cire takalmi ba. Matarsa tana kwashe shanya daga igiya, tana ninkewa a kan tabarma.

Ta ce, "Malam, yau injin ne ya tsaya, ko kai?"

Ya ba ta labarin kayan da aka dawo da su, da wasiƙar da za a rubuta. Bai ambaci benci ba, bai ambaci gilashi ba. Ta ci gaba da ninke zanen gado, sai da ta daidaita kusurwa huɗu sannan ta ce, "Yarinyar da sunanta za ta sa a wasiƙar?"

"Da sunanta."

"Kuma ba ta daɗe da fara aiki ba."

"Ba ta daɗe ba."

Ta ɗora zanen a kan sauran. Ta ce, "Ni dai lokacin da aka kawo ni gidan nan, ba a ce mini ga Mai Hannu ba. Wani ramamme aka nuna mini, wandonsa jiƙe da kullu. Na kuma zauna." Ta kwashi kayan ta shige ɗaki.

Da safe ya tarar da Injiniya a ofishinta ta riga ta fara rubutun. Ya tsaya a bakin ƙofa har ta ɗago, ta jawo masa kujera. Ya zauna, ya ɗora hannayensa biyu a kan teburinta, tafin a sama.

Ya ce, "'Yata, shaidunki biyu, ɗaya ne. Waɗannan sun yi wata takwas ba su ji komai ba. Abin da na'urarki ta faɗa nake maimaitawa."

Ta dubi hannayen, ta dubi fuskarsa. Sannan ta rufe abin da take rubutawa, ta ɗauki fitilar hannu da ƙyalle mai tsabta, ta ce, "Mu je, Baba."

Aka janye Kai-da-kawo gefe. Injiniya ta durƙusa ta haska ƙarƙashin kan. Akwai wani siririn bututun iska da aikinsa shi ne ya riƙa hure ƙurar takarda daga idon na'urar, ashe ya toshe. Ƙura ta taru a kan idon ta yi kauri. Na'urar tana auna takarda haɗe da ƙurar, ta ga kamar nauyi ya yi yawa, kwamfuta kuma ta yi ta rage kullu kaɗan-kaɗan. Aka yanki samfur daga naɗin da aka dawo da su aka kai ɗakin gwaji. Hamsin da biyar sikeli ya nuna.

Injiniya ta ce, "Ni na ce a rage gwaji. Wannan nawa ne, zan gaya wa manaja da bakina."

Ya ce, "Ki gaya masa naki, ki bar mini nawa."

Bai jira an tara mutane ba. Lokacin da naɗi na gaba ya cika aka yago tsiri aka miƙo masa, sai ya ƙi karɓa. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya don ta fi ƙarar injin, ya faɗi abin da ya faɗa a ofis, bai rage ba. Mutane suka sunkuyar da kai, wani yana goge hannun da ba datti. Sai ga Dogo ya fito daga ɗakin gilashi yana sosa ƙeya.

Ya ce, "Tsoho, kana tsammani allon nan da kansa ya juyo ya fuskanci bencinka?"

Mai Hannu ya dube shi.

Dogo ya ce, "Da lambar da ta ƙara girma? Ko ka ɗauka idonka ne ya ƙara kyau da tsufa?"

Injiniya ta dafe goshi. Ta ce, "Kawu Dogo, har da kai?"

"To ya zan yi? Ina ganin mutum yana miƙa wuya kamar zai karye."

Wani ya fara dariya a baya, ya danne. Mai Hannu ya matso kusa da Dogo. Can ya ce, "Wata takwas kana kallona, ba ka ce komai ba."

"Kai ka ce wani abu?"

Su uku suka shiga wurin manaja a jere, babba a gaba. Aka daɗe a ciki. Masu gadin ƙofa sun ce sun ji muryar manaja ta tashi sau biyu, daga baya ta sauka. Aka rubuta wa masu buga littattafai wasiƙar ban haƙuri, aka mayar da naɗin goma sha biyu tukunyar kullu, aka dawo da gwajin kowane naɗi. Da manaja ya ce ɗakin gwaji ba su da isassun mutanen da za su ɗauki wannan, Injiniya ta ce tana da wanda ta sani, idonsa garau, kuma ba ya gaggawa.

Haka Mai Hannu ya yi sauran watanninsa na aiki a kan doguwar kujera gaban sikeli. Ya yanka takarda da ma'auni, ya ɗora, ya jira lamba ta tsaya, ya rubuta. A ranar farko ya kira ɗakin gilashi ta waya ya ce, "Hamsin da tara da rabi."

Dogo ya ce, "Sittin nake gani a nan."

"To ɗayanmu ya yi kuskure. A kira yarinyar ta duba."

"Yanzu kuma gardama za ka riƙa yi da ni?"

Mai Hannu ya ce, "Kowane naɗi." Ya ajiye wayar, ya jawo samfur na gaba.