Ranar da Inna Ta Ga Baba

Wata ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari, a daminar da na gama aji shida, wani direba ya yi sallama a ƙofar gidanmu a Ɗanzomo, ya miƙo mini ƙullin takarda. A ciki akwai ɗan katin memori na waya da bai kai farce ba. Baba ne ya aiko daga Aljeriya, inda ya tafi aikin gini tun ina ƙarami, ya ɗauki kansa a bidiyo yana gaishe mu. Muka sa katin a wayar maƙwabci, muka yi cincirindo a kai. Kakata Inna, mahaifiyar Baba, ta kai wayar har bakin hancinta, ta daɗe, sannan ta mayar. Yanar ido ta riga ta fara cin ganinta. "Muryar dai tasa ce," in ji ta, ta koma tsince wakenta.

A hutun nan yayana Sabo, da ke karatu a Kano, ya zo da wata 'yar kwamfuta tsirara, koriya, kamar tafin hannu. Ya ce wutar da take ci ba ta kai ta ƙwan fitila ba, batirin babur ma ya ishe ta, in dai an samo mata gilashin da za ta nuna hoto. Ya nuna mini ramin da kowace waya ke shiga, sai aka koma makaranta, ya tafi ya bar ni da ita.

Daga ranar zama ya gagare ni, burina in nuna wa Inna fuskar Baba a gilashin da ya fi na waya girma. Ina gona da fartanya, hankalina na gida, har na riƙa sare gero a madadin ciyawa. Na daina langa, awakinmu suka shiga gonar mutane ina can ina murɗa waya. Kullum da safe in na gaishe da Inna sai in ga ta ƙara matso da fuska kafin ta gane ni. Na ba wani bakanike a Gumel tantabaruna duka, ya ba ni ƙaramar talabijin ta wata matacciyar mota. Kawu ya ara mini tsohon batirinsa da 'yar sola. Don gaggawa na juya wayoyin, cajar kwamfutar ta yi hayaƙi. Umma ta dube ni ta ce, "Habu, sauri ya haifi nawa." Da na samo wata cajar kuma, sai kwamfutar ta riƙa ɗaukar zafi tana mutuwa, har sai da na ɗora ta a faifai, na jingina ta da randa don ta sha sanyi.

Wata la'asar na toshe tagar ɗakin Inna da tabarma, na haɗa komai, na sa katin Baba. Gilashin ya yi shuɗi, ya yi baƙi, sai ga fuskar Baba ta cika shi. Inna ta ja jiki ta matso, ta ɗora yatsa a kumatunsa. "Ya rame," ta ce. "Wa ke dafa masa abinci a can?" Da bidiyon ya ƙare ta ce, "Maimaita, Habu." Na yi ta maimaitawa har batirin ya ƙare.

Kafin a yanke gero ganinta ya tafi gaba ɗaya. Da Baba ya dawo daga baya, ya durƙusa gabanta yana kukan ya makara, ta shafa kansa ta ce, "Ai na gan ka."

Yanzu Inna ta rasu, ni ma ci-rani ya kai ni nesa. Ina kiran gida ta bidiyo duk sanda na so, yarana su leƙo, su ɗaga hannu, su ruga wasa. Ban ƙara ganin wanda ya kalli fuskar mutum kamar yadda Inna ta kalla ba.